Yadda ake tsawaita juyen baƙin mai a motar jan kaya da ba ta yawan fita

A manyan ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Auyo ba a rasa irin wannan motar: tsohuwar Hilux, ko Canter, ko wata a-kori-kura mai shan gas da aka yi wa waldar ƙugiya a baya. Da kaka ita ke jan tirela shaƙe da buhunan shinkafa da riɗi zuwa Dawanau, ran Alhamis ta leƙa Maigatari, jefi-jefi a kira ta ta janyo motar da ta mace a hanya. Sauran watanni tana ajiye gindin darbejiya a ƙofar gida. In ka duba mita, da ƙyar take cin kilomita 3,000 zuwa 4,000 a shekara. Duk da haka bakanike ya kafa wa maigida doka: duk wata uku a kawo ta juye.

Da can ba a damu ba. Amma tun 2023 da aka cire tallafin fetur kuma darajar naira ta faɗi, galan ɗin baƙin mai ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Hilux mai gas tana shan kusan lita 7 a juye guda. Juye huɗu a shekara lita 28 ke nan da filta huɗu, a motar da ba ta yi tafiyar da direban Kano zuwa Legas ke yi a 'yan makonni ba.

Ana iya ragewa. Ana iya komawa sau biyu a shekara, wasu motocin ma sau ɗaya. Sai dai kada hujjarka ta zama "ai ba ta je ko'ina ba", domin wannan maganar ta buga injuna da yawa. Mai yana lalacewa ko mota na zaune, kuma ɗan aikin da irin wannan motar ke yi shi ne mafi wahala ga inji. Kuɗin da ka rage, da ido da biro za ka biya shi. Wanda ya san ba zai iya ɗaga bonet sau ɗaya a mako ba, ya tsaya a kan wata ukun bakanikensa, shi ya fi masa, kada garin neman ƙiba a samo rama.

Abin da ke cin man

Baƙin mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Akwai sinadarai a cikinsa, wasu suna riƙe baƙin hayaƙi kada ya dunƙule ya toshe hanyoyin mai, wasu suna kashe tsamin da ƙonewar gas ke haifarwa, wasu suna shafe ƙarfe don kada ya ci ɗan'uwansa. Waɗannan su ke ƙarewa. Idan sun ƙare, man yana nan a ido amma ba ya aiki.

Na farkon masu cinye su zafi ne. Masana harkar mai suna da ƙa'ida cewa idan mai ya riga ya yi zafi, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. To ka lissafa motar da ke jan tirela a cikin yashi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano da Jigawa ke haura digiri 40 a inuwa. Na biyu ƙura, wadda ba sai an yi wa mutumin da ya san hunturu da hanyar burji bayaninta ba. Ƙurar da ta kuɓuce wa filtar iska tana goge ringi da silinda, ragowarta ta gangara cikin mai.

Na uku shi ne wanda masu ajiye mota ba su cika sani ba. Duk lokacin da gas ko fetur ya ƙone, yana fitar da tururin ruwa. Idan inji na sanyi, wani ɓangare na tururin nan yana kwanciya a cikin mai, tare da ɗanyen gas ɗin da bai ƙone ba. Ba sa fita sai man ya yi zafi sosai, kusan digiri 90 zuwa 100, ya kuma jima a haka. Motar da ake tayarwa a kai ta bakin kasuwa a dawo, ba ta kai wannan zafin. Ruwan sai ya haɗu da farar wutar da ke cikin gas ya zama tsami mai cin ƙarfe, ya zauna wata da watanni a kan karanshaf da metal, wato ƙarafan da karanshaf ɗin ke juyawa a kansu. Batun farar wutar nan ba ƙarami ba ne a ƙasarmu. Shekaru da dama doka ta yarda a shigo da gas mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali iyakar Turai 10 ce. A 2020 ne ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Wanda ke sayen gas ɗin jarka a bakin titi kuwa, ba shi da hanyar sanin me aka zuba masa.

Fara da littafin motar, sannan ka tambayi kanka gaskiya

Kowane kamfani yana rubuta wa'adi iri biyu, na tafiyar yau da kullum da na aiki mai tsanani, kuma kowanne da kilomita da watanni, duk wanda ya riga cika. A motocin gas da yawa za ka ga kilomita 10,000 a na farko, 5,000 a na biyu. Jan tirela, hanyar ƙura, gajerun tafiye-tafiye da yawan tsayuwa a silo (inji na aiki mota na tsaye) duk suna cikin jerin aiki mai tsanani, wato motarka ta cika kusan dukkansu. Don haka ka manta da 10,000. Iyakar kilomitarka 5,000 ce, kuma ba ita za mu taɓa ba. Watannin za mu ja, su ma ba za su wuce 12 ba, domin wannan ce iyakar da yawancin kamfanoni ke sawa ko da mota ba ta motsa ba. In littafin ya ɓata, kamar yadda yake a mafi yawan motocin da suka zagaya hannu, saka lambar injin a intanet, ko ka sa yaro ya nemo maka.

Akwai motocin da wannan magana ba ta shafe su ba. Sabuwar da ke ƙarƙashin garanti, bi littafi kawai, in ba haka ba ka zubar da haƙƙinka. Motar da ke cin ruwan lagireto ba tare da ka ga inda yake zuba ba, wadda ke turnuƙe baƙin hayaƙi ko fari bayan ta yi zafi, wadda in ka buɗe murfin mai inji na aiki sai hayaƙi ya yi ta bulbulowa, duk waɗannan gyara suke nema, ba ragin juye ba. Haka sababbin motocin gas na Turai masu tukunyar tace hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. Su kan fesa ƙarin gas don ƙone dattin tukunyar, wani ya zarce cikin mai, kuma gajeruwar tafiya ce babbar matsalarsu. Waɗannan ma a bar su a kan wa'adinsu.

Toshe ƙofofin ɓarna kafin ka ƙara ko da mako guda

Tambayi bakanikenka ko motar na da tamostat, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi. Da wuya ka samu. Al'adar garejinmu ce a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu zafi gare ta. Ga motar haya da ke wuni a kan titi, ɓarnar ba ta fitowa da wuri. Ga taka, wannan ne babban abin da ke hana man zafin da zai kori ruwa, musamman da asubar Disamba da Janairu. Ka ce masa, "Oga, a mayar min da shi." Zai ce, "Alhaji, za ta yi zafi fa." Ka ce a wanke lagireto, a duba murfinsa da bel da famfon ruwa, sannan a mayar. Motar da ke zafi da lafiyayyen tamostat wata cutar ke damunta, cire shi ɓoye cutar ne kawai.

Sai filtar iska, kuma a nan ina so a tsaya sosai, domin a ganina ta fi nau'in man da za ka saya muhimmanci. Ciro ta ka ɗaga ta saitin rana ko ka haska tocila daga ciki. Ko huda ɗaya ka gani kamar ta allura, ko robar bakinta ta bushe ta tsage, ta gama aiki. Kada ka bari mai faci ya sa mata iskar kwamfiresa da ƙarfi, yana yaga takardar ba ka gani. In za a hura, a hura a hankali daga ciki zuwa waje, kuma ba a yi ta maimaitawa har abada. Daga nan zura yatsa cikin bututun da ya tashi daga gidan filta zuwa inji. Ya kamata ya fito tas. In ya fito da jar ƙura, akwai inda iska ke satar hanya: kilif ya saki, ko roba ta tsage a ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Muddin ba a gano wurin ba, maganar tsawaita juye ba ta taso ba.

Nozul, wato abin da ke fesa gas cikin silinda, in yana ɗiga yana wanke silinda da ɗanyen gas, man ya tsinke. In mota na wahalar tashi da safe ko tana girgiza a silo, a kai nozulolin wurin masu gwaji. A canza filtar gas, a tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasanta.

Juyen da za ka fara lissafi da shi

Kada ka fara ƙirga daga man da ba ka san asalinsa ba. Yi sabon juye a gabanka.

Ga tsofaffin motocin gas irin namu, 15W-40 shi ne aka fi rubutawa, amma abin da littafinka ya ce shi ne gaba. Juya bayan galan ka nemi haruffan API, waɗanda ke nuna matakin ingancin man. Na gas da C suke farawa: CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CK-4 a 2016. Kada ka sauka ƙasa da CH-4, kuma CI-4 ya wadatar da tsohuwar Hilux ko Canter. Na fetur da S suke farawa, SL, SM, SN har zuwa SP. Man da aka rubuta wa SAE 40 kawai, ko na kwalba da ake aunawa a bakin hanya, ba da shi ake doguwar tafiya ba. Game da sintetik mai tsada: ya fi jure zafi, gaskiya ne, amma ƙura da ruwa da ɗanyen gas ba su san tsadarsa ba, yadda suke shiga mai araha haka suke shiga shi. Ga motar da ke cin kilomita 4,000 a shekara a hanyar burji, ni ban ga dalilin ninka kuɗi ba.

Jabu ya fi komai haɗari. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama masu ɗura tsohon mai da aka tace, ko ɗanyen mai marar sinadari, a cikin galan mai suna. Irin wannan ko wata uku bai cancanta ba. Saya a babban gidan mai ko wurin dilan kamfani, duba hatimin murfi da lambar da aka buga a jikin galan, ka fasa shi da hannunka. Bayan an juye, huda galan ɗin ko ka tafi da abinka gida. Filtar mai ma haka. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a ajiye maka kala uku masu kwali iri ɗaya, farashi daban. Ɗauki mai nauyi a hannu, mai tsabtataccen zare da roba mai laushi, ka bar mai arahar, domin takardar da ke ciki za ta kwana cikin mai har tsawon watanni.

Ranar juye, fara zagayawa da motar minti 15 ko 20 don man ya yi zafi ya kwaso dattin da ya kwanta. A tsaya a wuri mai daidai, ba inda iska ke kwaso ƙasa ba. A kwance notin ƙasa, a bar shi ya tsiyaye har ɗigon ya yanke, kada yaron gareji ya yi sauri. Dubi abin da ya fito: in ka ga ƙyalli kamar garin ƙarfe ko gudaji, tsaya nan, injin na da magana. A sa sabon washa. A shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, a ɗaure ta da hannu, in robar ta taɓa a ƙara kusan kashi uku cikin huɗu na zagaye, ba a sa mata sifana. A goge bakin murfi da mazurari kafin a zuba. A tayar, fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo, a kashe, a jira minti biyar, a sake duba geji, wato tsinken auna mai.

Abu biyu da za a yi maka tayi ka ƙi: wanke cikin inji da kananzir ko gas, da kuma ruwan gwangwanin nan mai kauri da ake cewa yana ƙara wa inji ƙarfi. Na farko ba ya fita duka, ragowarsa ta tsinka sabon man. Na biyu yana ɓoye tsinkewar da kake son ganewa.

Littafin rubutu a aljihun mota

Rubuta ranar juye, lambar mita, sunan mai da na filta. Daga nan duk fita a rubuta abu uku: kilomita nawa, awa nawa inji ya yi yana aiki, da kaya ko babu. Awannin nan su ne gaskiyar aikin, shi ya sa tarakta da janareto da awa ake yi musu juye, galibi duk awa 250. Motar da ke rarrafe da tirela a kan kilomita 20 a awa, in ta yi awa 200 mita za ta nuna 4,000 kacal, alhali injin ya yi aikin da a kan kwalta zai kai 12,000.

Zaman silo ma a lissafa shi. Kamfanin Ford yana ƙiyasta awa ɗaya a silo daidai da tafiyar kusan kilomita 40. Misali, a wata guda ka yi kilomita 600, direba kuma ya bar ta tana aiki awa 10 yayin da ake lodi a gona, to abin da za ka rubuta 1,000 ne. Iyaka uku ke nan gare ka: kilomita 5,000 da wannan lissafin, ko awa 200, ko watannin da ka ɗiba, duk wanda ya riga zuwa. In mitar ta mutu, gyara ta ko ka dogara da awa.

Yadda ake tambayar man lafiyarsa

Baƙi ba hujja ba ne. Man injin gas yakan yi baƙi cikin kwanaki, alamar yana riƙe hayaƙin ne yadda ya kamata. Murza shi tsakanin yatsu ma ba ya gaya maka komai sai in akwai yashi.

Duk mako, da safe kafin a tayar, a wuri mai daidai, zaro geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Raguwa kaɗan ba laifi, cika da irin man da ke ciki, ka rubuta nawa ka ƙara. Abin tsoro shi ne ƙaruwa. Mai ba ya haihuwa. In ya hau sama da inda ka bar shi, gas ne ko ruwa ke shiga. Shinshina gejin: warin gas mai ƙarfi ko ƙauri, duka biyun juye suke kira. Juya murfin mai ka duba cikinsa. Farin kumfa mai kama da madara ruwa ne. In ɗan kaɗan ne lokacin sanyi kuma ya ɓace bayan doguwar tafiya, raɓa ce. In ya dawo, kuma ruwan lagireto na raguwa, gaskit ɗin kan inji ne ya lalace.

Duk wata kuma ka yi gwajin takarda, wanda ba ya cin ko sisi. Samu farin kati marar sheƙi mai shan ruwa, bayan katin gayyatar biki ma ya isa. Bayan mota ta dawo daga tafiya da zafinta, ɗiga ɗigo ɗaya daga geji a tsakiyar katin. Ɗora shi a bakin kofi yadda ƙasansa ba zai taɓa komai ba, ajiye a ɗaki inda ƙura ba ta kaiwa, ya kwana. Rubuta kwanan wata da lambar mita a gefe. Man da ke da sauran ƙarfi yana bazuwa, baƙin ya yi ta dusashewa a hankali daga tsakiya zuwa baki. Wanda ya gaji, baƙin zai taru a tsakiya ya yi ƙaramin tabo mai kauri da kaifin iyaka, sai zoben mai launin ruwan zuma a kewaye. Wannan yana nufin sinadarin da ke riƙe hayaƙi ya ƙare, ko ruwan lagireto ya kashe shi. Faffaɗan zobe mai haske da ya yi nisa fiye da na watan baya yana nuna gas ya shiga. Baki mai tsaga-tsaga kuwa ruwa ne. Kati ɗaya ba ya faɗin abu mai yawa, amfaninsa sai ka jera na wata huɗu ko biyar a kan tabarma ka ga inda aka dosa. Don haka ka yi na farko tun mako guda bayan juye, ya zama ma'auni.

In kana zargin ruwa, ɗora murfin gwangwani a kan garwashi, nesa da mota da jarkar gas, ya yi zafin da ɗigon ruwa zai ɓace nan take amma bai yi ja ba. Ɗiga man, ka kawar da fuska. Mai tsabta zai baje ya yi hayaƙi shiru. Mai ruwa zai yi tsartuwa tas-tas kamar yadda man tuya ke yi in ruwa ya faɗa kasko.

Akwai gwajin ɗakin bincike da ke auna ƙarfe, ƙura, gas da sauran ƙarfin kashe tsami, wanda ake rubutawa TBN. Sabon man gas yakan fara daga wajen 10, in ya sauko rabi ana ɗaukar ya kusa gamawa. Masu motoci da yawa da kamfanonin gine-gine ke yin sa. Ga mai mota ɗaya a ƙauye, kuɗin gwajin da aikawa na iya kamo kuɗin juyen.

Ja wa'adin da kaɗan-kaɗan, ka ɗaura shi a kan yanayi

Kada ka tsallaka daga wata uku zuwa shekara. Zagaye na farko kai wata huɗu da rabi. In geji bai hau ba, kati bai canza ba, babu wari, zagaye na biyu ka kai shida. Tsaya a shida na shekara guda cur, domin ka ga yadda man ke yi a kowane yanayi.

Wata shidan ma ba a ko'ina ake yanka shi ba. Juye ɗaya ya faɗo ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, damina ta ɗauke, a zubar da man da ya sha laima, a shiga jigilar kaka da sabo. Ɗayan ya faɗo ƙarshen Fabrairu ko Maris, bayan an gama kwasar amfani kuma ƙurar hunturu ta lafa. Wannan na biyun shi ne ba a ɗagawa. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su gama aikin kaka su ajiye mota da gajiyayyen mai, su ce sai za a sake fita a yi juye. Wato sun bar tsami ya yi rabin shekara yana cin metal. Da sabon mai ake ajiye mota.

A shekara ta biyu, in daga Maris zuwa Oktoba motar ba ta yi kilomita 1,000 ba kuma katunan damina sun fito lafiya, kana iya tsallake juyen Oktoba, ka canza filtar mai kaɗai ka cika abin da ya ragu. Ka koma sau ɗaya a shekara ke nan. Amma mai noman rani a Kadawa ko kwarin Haɗeja, wanda motarsa ke kwasar tumatir da alkama da shinkafa har cikin zafin bazara, ya zauna a kan sau biyu. Lita 14 da filta biyu da ya rage a shekara sun isa riba.

Tsakanin juye da juye

A daina ɗumama mota minti biyar kowace safiya a bar ta. Wannan ruwa da gas yake tarawa, bai kori komai ba. Gara ta yi mako biyu ba a taɓa ta ba, sannan a hau kwalta da ita rabin awa, allurar zafi ta hau tsakiya ta zauna. In akwai rumfa a sa ta ciki. Kafin fitar farko ta kaka a buɗe gidan filtar iska, ɓeraye na son yin sheƙa a wurin, su ci takardar.

Ranar jan kaya a yi sammako. A sauko giya a yashi da hawa, kada a bar inji na nishi a babbar giya, nan ne hayaƙi da zafi suka fi yawa. A share ƙaiƙayin da ke liƙewa a fuskar lagireto. In lodi zai wuce minti biyar a kashe inji. Mota mai tabo (turbo) kuwa, in an iso da kaya a bar ta a silo minti biyu kafin a kashe, don kada man da ke cikin tabon ya ƙone a tsaye.

Wasu abubuwan in sun faru, lissafi ya rushe, juye ake yi ko jiya aka zuba man. Allura ta kai ja har ruwa ya tafasa. Mota ta kutsa ruwan da ya kai cikinta, abin da mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja suka sani sarai a shekarun ambaliya irin 2022. An tarar da filtar iska a yage ko bututu a kwance. An zuba gas ɗin da ya sa ta hayaƙi da tari. An buɗe kan inji an yi aiki. Fitilar mai ta fara ƙyaftawa a silo, wannan ma kashewa ake a take, ba a ƙarasa da ita gida.

Duk wannan bayani na man inji ne kaɗai. Man giya da na difiransha suna da nasu wa'adin a littafi, kuma jan tirela rage shi yake yi, musamman giya mai canza kanta. Tsohon man da aka juye a ɗura shi a jarka a rufe a kai wa masu saye. Kada a zubar kusa da rijiya ko fadama, kuma kada a shafa wa dabba don ƙaska ko ƙazuwa, domin akwai gubar ƙarfe da ta hayaƙi a cikinsa, tana ratsa fata.